Wuƙaƙen Amurka huɗu da maƙeran duniya suka kwaikwaya

Da yawa daga cikin wuƙaƙen farauta da na aljihu da ake sayarwa yau a kasuwannin duniya, ko da an ƙera su a Sin ko Pakistan, siffarsu daga Amurka ta samo asali. Ga huɗu daga cikin waɗanda suka fi yin tasiri, da abin da kowace ta kawo.

Wuƙar Bowie

Sunanta daga Jim Bowie ne. Ranar 19 ga Satumba 1827, faɗa ya ɓarke a wani tudun yashi na kogin Misisipi, kusa da garin Natchez. An harbi Bowie, an kuma soke shi, amma duk da haka ya kashe wani abokin gabarsa mai suna Norris Wright da wata babbar wuƙa. Jaridu suka baza labarin, mutane suka riƙa zuwa wajen maƙera suna neman irinta. Ɗan'uwansa Rezin ya ce shi ya tsara ta farko. Bowie ya mutu a yaƙin Alamo a 1836.

Siffar da aka san ta da ita daga baya ita ce doguwar wuƙa mai faɗi, da ƙarfe a gicciye tsakanin ƙota da kaifi don kare hannu, an kuma zaftare bayanta wajen baki don tsininta ya yi siriri. Masana'antun birnin Sheffield na Ingila sun ƙera ta da yawa suna aikawa Amurka. Kashe-kashen da aka yi da ita sun sa wasu jihohi ɗaukar mataki: Tennessee ta hana sayar da ita a 1838.

Ka-Bar, wuƙar soja

A lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka sun koka cewa wuƙaƙen da ke hannunsu na suka ne kawai, ba sa amfani wajen aikin yau da kullum. A Nuwamba 1942, rundunar sojan kundumbala ta ruwa ta karɓi wata sabuwa, mai kaifi wajen santimita 18, da ƙota ta zoben fata da aka jera aka matse. Da ita soja yake buɗe gwangwani, ya yanka igiya, ya tona rami, ya kuma kare kansa. Kamfanin Camillus ne ya fi ƙera ta, amma tambarin KA-BAR na kamfanin Union Cutlery da ke Olean, a jihar New York, shi ya bi bakin sojoji har ya zama sunanta.

Buck 110

Kafin ita, maharba ba su cika yarda da wuƙa mai naɗewa ba, don tana iya rufewa a kan yatsa in aiki ya yi nauyi. A 1964, kamfanin Buck ya fito da lamba 110. Kaifinta ya kusa santimita 10, ƙotarta ta katako ce da jan ƙarfe mai ruwan zinariya a kai da gindi. Wani ƙarfe a bayan ƙota yana riƙe ta gam in an buɗe, ba ta naɗewa sai an danna shi. Ba Buck ne ya ƙirƙiro wannan makulli ba, amma shi ya haɗa shi da ƙarfin wuƙar farauta a farashin da ma'aikaci zai iya biya. An kwaikwaye ta ƙwarai, har a Amurka ake kiran duk mai kama da ita "Buck".

Spyderco da wuƙar hannu guda

A 1981, Sal Glesser na garin Golden, jihar Colorado, ya fito da wuƙa mai suna Worker. Ya huda rami mai zagaye a jikin kaifin, wanda babban yatsa ke turawa ta buɗe da hannu ɗaya, ya kuma sa mata maƙali na ƙarfe da ake saƙalawa a bakin aljihu, ba sai da kube ba. Yau wuƙaƙen aljihu na zamani da yawa suna da maƙalin nan.

Abin lura ga mai saye

Kwaikwayon siffa ba shi ne kwaikwayon inganci ba. Wuƙar jabu takan yi amfani da ƙarfe marar ƙwari da ke dakushewa da wuri, kuma makullinta kan saki a tsakiyar aiki, wanda shi ne babban haɗari ga yatsu. Kafin biyan kuɗi, a buɗe ta, a girgiza kaifin: in yana motsi, a bar ta. A kuma tuna cewa ba a shiga jirgin sama da wuƙa cikin kayan hannu, kuma dokar yawo da ita ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.