Daga Zango zuwa Biranks: Amon da Ya Je Ya Dawo

Birnin Damagaram gari biyu ne a haɗe. Akwai Birni, inda fada take, cikin ganuwar da Sarki Tanimu ya gina kafin rasuwarsa a 1884. Sai kuma Zango, masaukin ayarin Abzinawa da fataken Hausawa masu bin hanyar Kano zuwa Tarabulus. A fada kakaki da algaita da tambari ke magana, gadon da ya haɗa Damagaram da Barno. A Zango kuwa kalangun mahauta ya yi zaman maƙwabtaka da tinde, wato turmin da matan Abzinawa ke rufe wa baki da fata su kaɗa.

Abin da ya haɗa waɗannan kaɗe-kaɗe shi ne yadda suke raba lokaci: hannu ɗaya na bugun uku yayin da tafi ko taku ke bugun biyu. Ɗan'uwan wannan tsari, mai lissafin uku-uku-biyu, ya ƙetare teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka, ya zauna a Kuba da Jamaika. Daga Jamaika ne Kool Herc ya yi ƙaura zuwa unguwar Biranks ta Niyok, inda a 1973 ya fara maimaita gaɓar ganguna zalla daga faifai, abin da ya zama harsashin hip-hop.

Ko da rap ya kankama a Yamai a ƙarshen shekarun 1990, ta hannun ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya, ya iso Damagaram ta kaset da gidajen rediyo masu zaman kansu, ya sauka a fadojin samari inda ake dafa shayi. Dattawa sun ce baƙon abu ne. A ganina rabin gaskiya suka faɗa. Garin da ya saurari Ma'azu Ɗan Alalo yana wasa sarakuna, yana kuma yi wa wasu zambo, ba ya buƙatar a koya masa jera magana a kan kiɗa. Kirari ma haka ne.

Baƙon na gaskiya shi ne na'ura. Kiɗan rap na wancan zamani bugu huɗu ne a miƙe, ita kuwa Hausa tana da gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, ga karin sauti da kalangu ke bi sau da ƙafa. Mawaƙin da ya tilasta wa harshen bin na'ura yakan karya kalmomi, har ma'ana ta ɓace wa mai sauraro. Waɗanda suka iya sukan bar baitin ya yi tafiyar uku a kan bugun huɗu.

Abin dariyar shi ne, da salon furuci uku-uku na Atlanta ya mamaye duniya bayan 2013, matasa da yawa sun ɗauke shi sabon yayi daga Amurka, alhali makaɗan dambe da kokawa sun daɗe suna kaɗa irinsa a dandalin unguwarsu.