Labarin Gidan Majalisar Birnin Amsterdam

Cikin shekarar 1648 aka ƙare yaƙin shekara tamanin tsakanin mutanen Holan da Sarkin Sifen. A shekaran nan ne manyan birnin Amsterdam suka aza harsashin sabon gidan majalisa, suka danƙa aikin ga wani gwanin magini, Jacob van Campen. Birnin ba shi da sarki. Magadan gari huɗu ke riƙe da shi, yawancinsu fatake ne, nufinsu kuwa su gina abin da zai yi gogayya da fadar kowane sarki.

Wurin fadama ne, ba ya ɗaukar nauyin dutse. Sai da aka kafa gumagumai 13,659 cikin taɓo kafin a fara jera duwatsu. Ana cikin aiki tsohon gidan majalisa ya ƙone cikin 1652, saboda haka ma'aikata suka tare cikin 1655, tun gini bai gama ba.

Zamanin nan Turawa suna yayin wani salon gini da su ke kira barok, watau mai girma da yawan sassaƙa. Amma na Amsterdam bai cika ƙawa daga waje ba. Ba shi da ƙofar fada, sai ƙananan ƙofofi bakwai a jere. Adon yana ciki, a babban zauren jama'a, mai tsawon ƙafa 120, da faɗin 60, da tsayin 90. An zana taswirar duniya a daɓensa na marmara, har ya zama ɗan kasuwa yana taka ƙasashen da jiragensa ke zuwa.

Abin da ya fi cancantar lura ga ma'aikaci shi ne ƙofofin ofisoshi, gama kowace an sassaƙa mata gargaɗin da ya dace da aikinta. A ta magatakarda akwai mace ta sa yatsa a leɓe, alamar rufe asiri, da kare yana gadin gawar ubangidansa, alamar amana. A ta ofishin waɗanda bashi ya karya akwai Ikarus, wani saurayi na tatsuniyar Yunanawa da ya tashi sama fiye da ƙima ya faɗo, ga kuma ɓeraye suna cin takardun bashi. Nan aka rubuta kayan Rembrandt, mashahurin mai zane, da ya tsiyace cikin 1656. Ɗakin da a ke yanke hukuncin kisa kuwa yana ƙasa, tagoginsa na ƙarfe suna duban dandali don talakawa su gani da idonsu. A bangonsa an sassaƙa shari'ar Annabi Sulaimanu, da Burutus na Rum wanda ya sa aka kashe 'ya'yansa saboda cin amanar gari. Wannan wa'azi ba don mai laifi aka yi shi ba, don alƙalai ne.

Cikin 1808 Luwi, ƙanen Nafoliyon, wanda wansa ya naɗa Sarkin Holan, ya ga gidan ya yi masa. Aka fid da majalisa, aka raba barandu da katako aka yi ɗakunan kwana, ɗakin shari'a ya koma wurin ibadarsa. Sarautarsa ba ta wuce 1810 ba, amma majalisa ba ta sāke komawa ba. Cikin 1936 birni ya sallama gidan ga gwamnatin ƙasa, har yau kuwa fadar Sarkin Holan ce.