Cocin Ƙasa a Gindin Dutsen Wusasa

A 1900 ne Bishof Tugwell ya jagoranci 'yan mishan na CMS zuwa Kano, Sarki Alu ya sallame su tun ba su sauke kaya ba. A cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller. Shi ne ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Zaman bai kwanta wa masarauta ba, haka ma Turawan mulki. Aka yi ta kai ruwa rana, har a 1929 mishan ya tattara ya koma bayan ganuwa, Wusasa.

A can aka gina cocin Angilika na Saint Bartholomew, ƙarƙashin jagorancin ɗan mishan Guy Bullen. Da ya so, da ya kwaikwayi cocin ƙauyen Ingila, dutse da doguwar hasumiya. Sai aka kira magina Hausawa, suka kwaɓa ƙasa, suka jera tubali, suka ɗaura azara, suka tayar da bakan gizo ya tallabe rufi. Wannan gwaninta ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekara ɗari kafin nan. Bangon cocin kauri gare shi. Ka shiga da tsakar rana a watan bazara, sanyi zai tarbe ka tun daga ƙofa.

A ganina wannan zaɓi ya fi kowace huɗuba magana. Masu ibadar Hausawa ne da Fulani, ciki har da zuriyar Isawa, tsohuwar ƙungiyar mabiya Annabi Isa, kuma a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kai. Gini da addu'a suka zama harshe ɗaya.

Ƙaramin garin ya yi 'ya'ya: Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan. Daga baya Wusasa ta samu nata bishof.

Abin da ke damuna shi ne ginin ƙasa sai da yaɓe kafin damina, sai an duba rufi da indararo. Maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo kuwa suna ta ƙaranci, matasa sun koma bulo da siminti.