Zaren da ke Cikin Citta: Daga Tashar Kafanchan zuwa Ɗakin Bincike

Duk wanda ya taɓa karya ɗanyar citta ya san silin zaren nan da ke miƙewa tsakanin ɓari biyu, wanda ke maƙalewa a haƙori, ya kuma tsaya a rariya in ana tace kunu. Mai kunu takan kwashe shi da sauran dusa ta watsar a bayan gida. Wannan zaren yana da tarihi, kuma kudancin Kaduna na da rabo a ciki.

A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso Kafanchan, garin ya zama mahaɗar jiragen Kaduna da na Jos. A wajajen shekarun nan ne noman citta don kasuwa ya kama ƙasa a yankin da ake kira kudancin Zariya a lokacin. Manoman Kwoi da Kachia da Kagarko suka gwanance: a haƙa, a wanke, a tsaga, a shanya a rana, a ɗura a buhun algarara, ta kama hanyar bakin teku. Shekara kusan ɗari ke nan mafi yawanta tana fita a haka, busasshiya kawai, ana tatsar manta da yajinta a wasu ƙasashe.

Buhun algarara kansa zaren tsiro ne, haka igiyar rama, haka ganyen da iyayenmu ke ƙulla alale a ciki. Sinadarin da ke ba su ƙarfi shi ne selulos, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya fara warewa daga tsirrai a 1838. Sai a 1933 masana a kamfanin ICI na Ingila suka ci karo da robar da ake yin leda da ita daga man fetur. Leda ba ta da tsada, ruwa ba ya ratsa ta, don haka ta kori ganye daga kasuwa. Yau ita ce ke toshe magudanai da damina, ita ake tararwa a tumbin akuya a mahauta.

Masana ba su saki selulos ba. Wajen 1950, Bengt Rånby na Suwidin ya nuna cewa ruwan asid na iya warware shi zuwa 'yan sanduna ƙanana ainun. A 1983 Albin Turbak da abokan aikinsa a kamfanin ITT Rayonier na Amurka suka wallafa yadda ake yagalgala shi da inji mai matsi. A 2006 Akira Isogai da ɗalibansa a Jami'ar Tokyo suka samu hanyar fitar da silin da kaurinsa bai wuce nanomita 3 zuwa 4 ba. Sai an jera fiye da 10,000 kafin a kai kaurin gashin kai ɗaya.

Amfanin wannan sili magina na gargajiya za su fi kowa saurin ganewa. Ƙasar gini in ba a cuɗa ta da ramno ba, tana bushewa sai ta tsattsage. Ledar da ake yi da sitaci ko da robar PVA mai narkewa a ruwa haka take, tana ruɓewa a ƙasa amma ba ta da ƙwari. In aka zuba mata ɗan wannan sili, sai ya saƙu a cikinta kamar raga, ya riƙe ta ta daina saurin yagewa, iska kuma sai ta yi ta kewaye kafin ta ratsa zuwa ga abincin da aka naɗe. Saboda ƙanƙantar silin, ledar tana nan garau, ana hango abin da ke ciki.

Nan citta ta shigo. Masana a jihar Kerala ta Indiya, cikinsu har da Sabu Thomas, sun ciro irin wannan sili daga dusar da ta rage bayan an tatse citta. A 2020 Hairul Abral na Jami'ar Andalas a Indonesiya da tawagarsa suka wallafa cewa ledar PVA da aka ƙarfafa da silin citta ta ƙara ƙwari, tana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Aikin dai na ɗakin bincike ne har yanzu: danshi na raunana irin wannan leda, busar da silin kuma na cin wuta da kuɗi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Najeriya na cikin manyan masu noman citta a duniya, mafi yawanta kuma daga kudancin Kaduna take fitowa, amma sunayen da ke kan wannan bincike na wasu ƙasashe ne. Na ga yadda cutar da ta faɗa wa gonakin citta a daminar 2023 ta durƙusar da gidaje, domin saiwar kaɗai suke sayarwa, in ta ruɓe shi ke nan. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona. Ina fatan ganin ranar da ɗalibi zai fita daga can da bokiti, ya je gidan mai kunu ya ce, "Mama, don Allah a ajiye mini dusar nan."