Goro Daga Gwanja Zuwa Ɗambatta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a wajen taronmu na bara an zagaya da farantin goro, sai na ga mutum uku cikin 'yan ajinmu sun ɗaga hannu sun ce likita ya hana su. Su ne kuwa gwanayen tauna a lokacin da muke shirin jarrabawar fita, sa'ad da akan haɗa goro da garin Nescafé a kora da ruwan sanyi, a tsoma ƙafa cikin bokiti, wai don a kai asuba ana karatu. Wannan ya sa na koma na bi sawun wannan abu da muka tashi muka tarar a bakin iyayenmu.

Goro dai ba ya fitowa a ƙasar Hausa, itacen kurmi ne, amma da wuya a sami al'ummar da ta ɗauke shi da daraja kamar mu. Ba a neman aure ko raɗin suna sai da shi, kuma ko albishir aka yi wa mutum amsarsa ita ce goro. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro dubu goma, kodayake masana da yawa suna ganin Amina ta zo ne bayan wannan lokaci. Littafin ya kuma ce magajin Dauda, wato Abdullahi Burja, shi ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau.

Fataucin Gwanja ya kai ƙarshen bunƙasarsa a ƙarni na 19. Ayari yakan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya dangana da kasuwar Salaga, inda goron ƙasar Asante yake fitowa. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito da na hanya da ake biyan sarakuna a kowane zango. A 1826 Baturen Ingila Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, mutane wajen dubu, maza da mata, da dabbobi kamar yawansu. Wahalar dawowa ta fi ta zuwa, domin goro kaya ne mai rai. Dole a riƙa kwance huhu a kai a kai, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye, in ba haka ba mutum ya iso gida da asara. Shi ya sa Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki fiye da 500 ke shigowa birnin a shekara, kuma kowane kaya da ya iso lafiya yakan yi wuri dubu 200. Da irin wannan tsada, goro abin sarakuna da attajirai ne, talaka sai dai a ɓara masa ɗan tsagi ranar Sallah.

Waɗanda suka riƙe wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga ƙasar Azbin ne, suka zauna a karkarar Kano da Katsina suna noma da damina, suna fatauci da rani, wanda ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya tashi a wannan yanki namu. A cikin Agalawa Alhaji Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, kuma da goro ya kafa jarinsa kafin gyaɗa ta sa sunansa ya zagaya duniya.

Abubuwa uku suka karya tsohuwar hanya. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya warware. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga ɗin kanta. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman ƙasar Yarbawa kuma, musamman wajen Shagamu da Agege, suka dasa irin goron Gwanja. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, farashi ya faɗi, goro ya shiga aljihun kowa, har ya zama ana kasa shi a faranti a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. A ganina daga nan ne maganar lafiya ta taso, don wanda yake samun tsagi ɗaya a mako ba ya cikin haɗarin wanda yake cinye biyar a wuni.

To, mene ne a cikin goron? Sinadari ne da ake kira kafeyin, wanda wani Bajamushe mai suna Runge ya fara tacewa daga 'ya'yan gahawa a 1819. Shi ne a cikin ganyen shayi, da kofi, da lemun kwalba irin Coca-Cola, wanda da aka ƙirƙiro shi a Amurka a 1886 har da goro a cikin haɗinsa, daga nan ma ya samo rabin sunansa. Busasshen goro yana ɗauke da wajen kashi 2 cikin 100 na kafeyin, wato bai gaza 'ya'yan gahawa ba. Ita ma gahawar ta sha tuhuma a tarihi. Sufayen Yaman suka fara shan ta a ƙarni na 15 don raya dare da zikiri, a 1511 gwamnan Makka ya hana ta, daga baya aka janye hanin.

Yadda yake aiki shi ne, muddin mutum yana farke akwai wani sinadari mai suna adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sanar da jiki cewa an gaji. Kafeyin yakan je ya tare gurbin da adinosin ke zama, sai saƙon ya kasa isa. Gajiyar tana nan, labarinta ne aka tare a hanya. Jiki yakan ɗauki kamar awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka ci, don haka goron la'asar yana nan a jini har bayan lisha. Da ya sake mutum kuwa sai bashin barci ya taso gaba ɗaya, kuma na san ba ku manta da wanda ya kifa kai a kan takardar lissafi ba, har sai da mai sa ido ya taɓa shi. Malamanmu da suka riƙa kora mu ɗakin kwana ƙarfe goma sun fi mu gaskiya, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a wuni, kamar kofi huɗu na gahawa, ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Matsalar ita ce ba wanda ke lissafi. Ma'aikaci irina yakan sha shayi da safe, ya tauna goro a ofis, ya ƙara da lemun ƙara kuzari a hanya, duk kuwa asusu ɗaya suke shiga. Idan ya yi yawa yakan kawo bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, yana kuma ƙara tsamin ciki, shi ya sa likitoci ke ja wa masu gyambon ciki kunne, balle mai taunawa da yunwa. Ciwon kan da ke kama ma'abota goro da shayi a farkon azumi ma na rabuwa da kafeyin ne, yakan fara cikin awa 12 zuwa 24, ya lafa bayan 'yan kwanaki, kuma wanda ya fara ragewa tun cikin Sha'aban yakan tsira daga gare shi.

Amma kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. A 1991 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gahawa cikin abubuwan da ake zargi, a 2016 ta cire ta bayan nazarin bincike mai yawa. Abin da ta nuna wa yatsa a wannan karon shi ne zafin abin sha, cewa duk abin da ya haura digiri 65 yana iya jawo ciwon daji na maƙoshi. Ashe mai shayin bakin tasha da ke ɗaga kofi sama yana shiƙa shi cikin wani, har mu riƙa cewa yana ɓata mana lokaci, aikin likita yake yi mana.