Daga Tama zuwa Sifirin: Tarihin Ƙarfen Wuƙa a Ƙasar Hausa

Idan saran rake ya kankama a ƙasar Maƙarfi, daga Ɗandamisa har Gimi, addar kirki ba ta ɓuya. Wata takan wuni tana aiki ba ta nemi dutse ba, wata kuwa kafin hantsi bakinta ya lanƙwashe. Ka tambayi maƙeri dalili, shi ma tambaya zai yi maka: wane ƙarfe ne, wa kuma ya ba shi ruwa? Ƙarfen da zai fi yabawa shi ne sifirin, fallayen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Kakannin kakanninsa ba su taɓa ganinsa ba.

Su tama suka sani. A Taruga, kusa da Abuja, an tono muraran narka tama da suka haura shekara 2,000, a Samaru ta Zariya ma an tono wasu cikin shekarun 1970. Tarihin baka ya ce tamar Dala ce ta jawo maƙeran Gaya suka zauna a Kano. Aiki ne mai cin rai. A haƙo tama, a sare ƙirya a yi gawayi, a gina murhu da yumɓu, a yi ta ba shi iska, sannan a fito da dunƙule mai haɗe da kashin maƙera, a dinga bugu har ya tsarkaka. Matsalar tana cikin dunƙulen. Kabon ɗin da ƙarfe ke sha daga gawayi, wanda shi ne sirrin tauri, ba ya shiga daidai, wani gefen ya sha da yawa, wani ko kaɗan. Gwani sai ya bi da ido da amon masaba ya ware gefen da zai yi baki.

Shi ya sa masu hali suka fi son ƙarfen da ya ƙetaro Sahara. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takobi daga Solingen ta Jamus, ya ƙiyasta kusan 50,000 a shekara. Ƙota da kube kawai ake yi musu a Kano.

Jirgin ƙasa ya isa Kano ta Zariya a 1911. Kafin nan, dabarar da Henry Bessemer ya fito da ita a Ingila a 1856 ta riga ta karya farashin ƙarfe mai tauri a Turai, don haka tarkacen dogo da na injuna suka fara zuba kasuwa da araha. Wa zai kwana gaban murhu alhali ga ƙarfe tsarkakakke a kasuwa? Narka tama ta mutu a hankali. Ƙira kuwa ba ta mutu ba, har ma Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano, ya nuna wadatar ƙarfen ƙara mata ƙarfi ta yi.

Da motoci suka yawaita sai maƙera suka shiga tankaɗe da rairaya, ba da littafi ba, da wuta. Rodin gini kabon ɗinsa kaɗan ne, ko an ba shi ruwa ba ya riƙe kaifi. Tsohon magagari yakan kai kashi 1 cikin 100, ga kaifi na ban mamaki, amma da ya gamu da ƙashi sai ya ɓantare. Sifirin ya faɗo tsakiya da kusan kashi 0.6, kuma tun daga masana'anta an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo. Abin da mahauci da mai saran rake ke nema ke nan.

Duk da haka sifirin bai isa shi kaɗai ba. Sai an gasa shi ya yi jawur, a tsoma a ruwa ko baƙin mai, sannan a sake ɗumama shi sama-sama har bakin ya yi launin kara busasshe. Wanda ya tsallake ɗumamar nan wuƙarsa za ta karye, wanda ya zarce kuma za ta dakushe da wuri. A ganina yawancin wuƙaƙen da ake zagi a kasuwa nan aka kashe su, ba laifin ƙarfen ba ne.

Farin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913, ya ƙwace madafa, don uwargida ba ta son jan tsatsa a kan albasa. Masu arahar cikinsa dai ba su jure wa aikin fawa.

Yanzu abin da ke damun maƙeri shi ne samun sifirin ɗin. 'Yan gwangwan na auna tarkace a sikeli su loda wa kamfanonin narka ƙarfe, wanda ya rage kuma sau da yawa ya gaji a kan hanya, da tsaga siririya da ba ta bayyana sai an tsoma shi a ruwa.