Addu'a tare da sauran Kiristoci: wa ke da ta cewa a cocin Otodoks, bishop ko jama'a?

Kowace shekara, ran 30 ga Nuwamba, tawagar fadar Vatikan takan je birnin Istanbul na Turkiyya domin bikin tunawa da manzo Andarawus a cocin babban jagoran Otodoks na birnin. Ran 29 ga Yuni kuma tawagar Istanbul takan rama ziyara a Roma. Ana gaisawa, ana zama coci guda, amma idan aka zo kan Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a tsakiyar ibada, baƙi ba sa karɓa. Wasu mabiya Otodoks na ganin zaman ma kaɗai ya wuce gona da iri, wasu kuma na ganin zumunci ne da ya kamata. Ƙarƙashin wannan gardama akwai tambaya mai nauyi: wa aka ɗora wa tsaron addini?

Su wane ne Otodoks?

A Nijar an fi sanin Katolika da Furotesta, amma Otodoks na Gabas sun haura mutum miliyan 200 a duniya, galibinsu a Rasha, Yukiren, Romaniya, Girka, Sabiya, Bulgeriya da Jojiya, da kuma Larabawan Siriya da Labanan. Ba su da shugaba guda kamar Fafaroma. Coci-coci ne masu cin gashin kansu, kowace da majalisar bishop-bishop ɗinta, da yawansu ƙarƙashin babban uba da ake kira fatiriyak. Na Istanbul, Bartholomew na ɗaya, wanda ke kan kujera tun 1991, shi ne na gaba a girmamawa, amma ba ya ba sauran umarni. Kibɗawan Masar da cocin Habasha su ma ana ce musu Otodoks, sai dai reshe ne daban da ya rabu bayan taron Kalsedon na shekara ta 451.

Rabuwar Gabas da Roma akan danganta ta da 1054, lokacin da wakilan Fafaroma da fatiriyak na Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, suka tsine wa juna. Manyan dalilan saɓanin su ne ikon Fafaroma da wata kalma da Yamma ta ƙara a cikin shaidar bangaskiya game da Ruhu Mai Tsarki.

Yadda aka fara neman kusantar juna

Yunƙurin haɗa kan Kiristoci, wanda ake kira ekumenizim, Otodoks na cikin waɗanda suka kunna shi. A 1920 fadar Kustantiniya ta aika wa coci-cocin duniya wasiƙa tana neman a kafa wata ƙungiya ta zumunci. Da aka kafa Majalisar Coci-coci ta Duniya a Amsterdam a 1948, wasu Otodoks na cikin masu assasa ta, cocin Rasha kuma ya shiga a 1961. A watan Janairun 1964 Fafaroma Paul na shida da fatiriyak Athenagoras suka gana a Birnin Ƙudus, kuma ran 7 ga Disamba 1965 aka ɗage tsinuwar 1054. Ɗage tsinuwar bai mayar da coci-cocin biyu abu guda ba.

Abin da tsofaffin dokoki suka ce

Masu adawa sukan kafa hujja da Dokokin Manzanni, ƙa'idoji 85 da aka tattara wajen ƙarshen ƙarni na 4. Ta 45 ta tanadi dakatar da bishop ko limamin coci ko dikon da ya yi addu'a tare da masu karkatacciyar koyarwa, da tsige shi idan ya bar su suka gudanar da aikin limanci. Wata dokar ta haɗa har da gama-garin mai bi.

Masu goyon baya ba sa musun dokokin. Cewa suke an rubuta su ne don ƙungiyoyin wancan zamani, kuma babu wani babban taron dukan coci da ya yi hukunci kan Katolika da Furotesta na yau. Sukan ƙara da cewa al'adar Otodoks ta san hanya biyu ta aiki da doka: tsanantawa, da kuma sassautawa don maslahar mutane, kuma bishop ne ke auna wadda ta dace.

A aikace, iyaka ɗaya ce kowa ya yarda da ita: ba a tarayya a Jibin Ubangiji. A watan Mayun 2008 wani babban bishop na Romaniya, Nicolae Corneanu, ya karɓi Jibi a cocin Katolika a birnin Timisoara. Abin ya tayar da ƙura, majalisar cocin Romaniya ta zauna a watan Yuli ta haramta wa kowa yin haka, limami ko mai bi, amma ta bar shi a kan kujerarsa.

Nauyin bishop

A tsarin Otodoks, bishop shi ne malamin addini na yankinsa. Limami ba ya gudanar da babbar ibada sai a kan wani ƙyalle mai ɗauke da sa hannun bishop, kuma dole ya ambaci sunansa a cikin addu'a. Wannan ambato shi ne igiyar da ta ɗaure ƙaramar cocin ƙauye da sauran coci-cocin duniya. Saboda haka duk takardar da bishop ya sa wa hannu, da duk wurin da ya tsaya addu'a, ana ɗauka da sunan jama'arsa ya yi. Idan ya kauce, ƴan'uwansa bishop-bishop ne ke da hurumin hukunta shi a majalisa.

Nauyin jama'a

Sai dai tarihi ya nuna sa hannun manya ba ya wadatarwa. A 1439, a birnin Florence na Italiya, wakilan Gabas suka rattaba hannu kan haɗewa da Roma, a lokacin da sarkin Kustantiniya ke neman agajin Yamma saboda barazanar Turkawa. Bishop Markus na Afisa ya ƙi sa hannu. Da wakilan suka koma gida, jama'a da ruhubanawa, wato masu zaman keɓe kai don ibada, suka juya wa yarjejeniyar baya, wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu ma suka janye. A Mosko aka kama babban bishop Isidore a 1441 bayan ya ambaci sunan Fafaroma a ibada. A 1484 wata majalisa a Kustantiniya ta soke haɗewar a hukumance. Daga baya, a 1848, fatiriyak huɗu na Gabas suka rubuta wa Fafaroma Pius na tara amsa, inda suka bayyana cewa jama'ar masu bi da kansu ne masu gadin addini. Har yau, idan ana naɗa bishop, jama'a sukan ɗaga murya da kalmar Girkanci aksiyos, ma'ana ya cancanta.

Makamin da masu adawa suka fi ɗauka shi ne daina ambaton sunan bishop. Hujjarsu doka ta 15 ta majalisar Kustantiniya ta shekara ta 861, wadda ta hana ɓallewa daga shugaba kafin a yanke masa hukunci, amma ta keɓe wanda ke wa'azin karkatacciyar koyarwa a bainar jama'a, irin wadda majalisu ko iyayen coci suka riga suka la'anta. Gardamar ita ce ko ekumenizim ya shiga wannan sahu. Gidan ruhubanawa na Esfigmenu da ke dutsen Atos a Girka ya daina ambaton fatiriyak tun 1972, kuma rikicinsa bai mutu ba.

Matsin lamba daga ƙasa ya sha yin tasiri. Cocin Jojiya ya fice daga Majalisar Coci-coci ta Duniya a 1997 bayan wasu gidajen ruhubanawa sun yi barazanar ɓallewa, na Bulgeriya ya bi sahu a 1998. Wannan ya sa majalisar ta kafa kwamiti na musamman, wanda rahotonsa na 2002 ya kawo yanke shawara ta hanyar fahimtar juna maimakon rinjayen ƙuri'a, ya kuma bambanta addu'ar da coci guda ke jagoranta bisa al'adarta da addu'ar haɗin gwiwa. Amma majalisu sukan hukunta wanda suka ga ya zarce: a 2008 cocin Rasha ya tsige bishop Diomid na Cukotka, wanda ya fito fili yana zargin shugabanni da ekumenizim.

Taron Kirit da abin da ya biyo baya

A watan Yunin 2016 aka yi babban taron Otodoks a tsibirin Kirit na Girka, bayan shiri na fiye da shekara 50. Coci 10 cikin 14 suka halarta. Rasha, Antakiya, Bulgeriya da Jojiya ba su je ba. Takardar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce ta hulɗa da sauran Kiristoci. Ta nanata cewa Otodoks ita ce coci ɗaya ta asali, ta amince a ci gaba da tattaunawa, ta kuma yarda a kira sauran da sunan coci kamar yadda tarihi ya san su. Ta yi tir da masu raba kai da sunan kare addini, ta ce tsarin majalisa ne ke tsare sahihiyar koyarwa. Wasu bishop-bishop, irin su Hierotheos na Nafpaktos da Athanasios na Limasol, sun ƙi sa mata hannu, amma ba su fita daga majalisunsu ba. Wasu limamai a Girka da Romaniya kuwa suka daina ambaton shugabanninsu, cikinsu har da shehin malami Theodoros Zisis na Tasalonika a 2017, kuma an dakatar ko an tsige da dama.

Wanda abin ke faɗawa kansa shi ne gama-garin mai bi. Idan limamin unguwa ya yanke igiya, dole kowane gida ya zaɓi inda zai kai jariri baftisma, inda zai ɗaura aure, da wanda zai yi wa mamacinsa addu'a. Majalisun Otodoks suna koyar da cewa hukunta bishop aikin majalisa ne. Masu adawa kuwa sukan tuna musu da Florence, inda majalisa ta sa hannu, jama'a suka ƙi, kuma daga ƙarshe coci ta bi ra'ayin jama'a.